Surukar da Ba Ta Cikin Mota

SHAFI NA 14

Salamu alaikum mutanen gida. Masu aiko "ina sauran, ina sauran" tun ba a sha koko ba, to ga shi. Ku gyara zama.

Jikka sittin Kande mai kifi ke bin Jatau, mijin ɗiyarta Ladi.

Ba hannu da hannu ta ba shi ba. Wa ya taɓa ganin suruka ta miƙa ma mijin ɗiyarta kuɗɗi? Ladi ce ta zo da sanyin bara, ta zamna bakin murhun banda tana ta kewaye-kewaye, daga ƙarshe ta ce asirans ɗin mota, wato inshora, ya ƙare, jandarma sun hana shi hawa hanyar Maraɗi. Kande ta kwance lalita, ta ƙirga, ta aza bisa faifai, ta tura. Ba ta ce yaushe ba. Ladi ma ba ta ce ba.

Kuɗɗin hayaƙi ne, na tarwaɗa da karfasa. Kande ba ta manta ba. Ba ta kuma tambaya ba.

Yau ga ta kwance a inuwar ɗaki, ƙafafu miƙe kamar na aro, murhun banda ya yi sanyi har kaji na kwana ciki. Sai ga muryar Inde daga ƙofar gida. Inde taubashiyarta ce, tare suke kai kifi kasuwar Maraɗi tun suna goyo.

"Kande! Rufe busassun ƙafafun nan naki, na zo miki da baƙo."

"In mai bin ki bashi ne, ki ce mishi ban san ki ba."

"Mai biya ne. Ba ki saba ganin irinsu ba."

Ta shigo riƙe da igiyar jakar wani mutum, shi kuma yana biye da jakarsa. Mushe Salisu ke nan, wato Malam Salisu da faransanci, ma'aikacin kamfanin asirans, ya zo daga Maraɗi sallamar waɗanda sunka ji ciwo a hatsarin motar Jatau. Inde da kanta ta karɓi nata kuɗɗin na ciwon wuyan hannu, sannan ta tare shi a tasha ta ce ba inda za shi.

Anka ba shi kujera 'yar tsuguno. Ya zamna, gwiwoyi sun kusa taɓa haɓa.

"Sannu Inna. Ƙaƙa jiki?"

"Da godiya."

Inde ta ce, "Ƙarya take. Sai an ɗaga ta take kewayawa."

"Inna, an ce mini kina cikin motar da ta faɗi."

"An ce."

"Ni so nike in ji daga bakinki."

Kande ta dubi rufin ɗaki. Inde ta gyara zama, don dama abin da take jira ke nan.

"Bari in gaya maka, Mushe. Wagga matar da kake gani, tunda anka ɗaura auren Ladi ba ta taɓa shiga motar yaron nan ba. In ta hango shi a tasha sai ta bi ta bayan masu goro. Gara ta biya wani. To ran nan ta makara, motoci duk sun tashi, ga kifi kwali uku a bakin hanya. Sai ga shi ya taho, mota cike, ni ina ciki."

"Ya tsaya?"

"To ya wuce surukarsa a rana? Da wane ido za shi duba garin nan? Ya tsaya, ya fito, ya cire takalmi, ya durƙusa. Ita kuma ta ce a'a gaban mutane? Ta kunyata shi? Anka buɗe baya, ta hau bisa buhun barkono, ta juya mishi ƙeya."

"Ta biya kuɗɗin mota?"

Inde ta tafa hannu.

"Ji wata magana! Ya karɓi dala ɗari a hannun uwar matarsa?"

Mushe Salisu ya shafa kai.

"To, da taya ta fashe?"

"Munka gangara rami, mota ta kwanta. Allah ya tsare, ba rai. Kowa na salati, kowa na biɗar takalminsa. Na duba, ga Kande can gefe, buhu ya danne ta."

"To mi ya hana ta tsayawa jandarma su rubuta ta? Sun fa zo sun yi konsta, sun rubuta yadda abin ya faru, sun tambayi kowa inda ke mishi ciwo."

Inde ta nuna daga ƙugunta zuwa gwiwa.

"Zane ya yage tun daga nan har nan. Ga yaron ya taho a guje, jini a goshi, yana Inna, Inna, za shi ɗaga ta da hannunsa. In kai ne ita, Mushe?"

"Ni ba ni ɗaura zane."

"To ita tana ɗaurawa. Ta ture buhun da kanta, ta ja gyalena ta rufa, ta ce mishi je ka ga baƙi, ni lafiyata lau. Ta miƙe tsaye cir kamar budurwa, ta bi ta cikin gona, ta samu amalanken shanu ya maido ta gida. Kifin ma ba ta waiwaya ba. Ka san abin ya kai."

Kande ta ce, "Kwali uku. Jikka ashirin da ɗaya."

"Kin ji ta. Wannan ta riƙe."

Mushe Salisu ya ce, "Ciwon yaushe ya fara?"

Wannan karon Kande ta amsa da kanta, murya ba hawa ba sauka, kamar mai faɗin farashi.

"Washegari na yi daka. Sati na zagayowa na ji kamar tururuwa na bin ƙafar hagu. Na ce sanyin tabki ne. Anka kai ni wurin maɗori, ya latsa, ya ce ba karaya. Wata ran ina juya kifi a murhu sai ga ni ƙasa, ban san sanda na zamna ba. Anka kai ni Maraɗi, sunka ɗauki hoton ƙashi. Likita ya ce ƙashin baya ne ya tsage, yana danne jijiya. Ya ce sai Yamai, a yi aiki, tun jijiyar ba ta mutu ba."

"Nawa sunka ce?"

"Jikka ɗari tara. Ban da mota, ban da abinci, ban da mai jinya."

"Kina da su?"

"In an sai da ni da Inde a haɗe, a samu talatin."

"Ashirin da tara nawa ne," in ji Inde.

Mushe Salisu ya yi dariya kaɗan, ya kama kansa.

"Inna, ki saurara. Ciwon da ya fito daga baya ba sabon abu ba ne wurinmu. Ran hatsari jini na da zafi, mutum sai ya tashi ya yi tafiya da karaya bai sani ba. In likita ya rubuta cewa daga faɗuwar ne, kamfani na biya. Wannan ba shi ne matsala ba."

"Mine ne matsalar?"

"Ba ki cikin motar."

Inde ta zabura.

"Ni da na ba ta gyale?"

"A wurin hukuma nike nufi. Jandarma sun rubuta mutum takwas, takwas ɗin duka na gan su. Babu Kande."

"To a ƙara ta!"

"Ana ƙarawa. Mai mota ya koma birgad, ofishin jandarma, ya ce da ita. A samu shaida guda. Ita kuma ta amsa da bakinta gaban jandarma. Shi ke nan."

"Shi ke nan? Ga shaida zamne. Kande, kin ji? Tashi ki yi rawa. Au, na manta."

Kande ba ta yi dariya ba. Ta juyo da kai ta dubi mutumin sosai, irin duban da take ma kifin da anka ce na yau ne.

"Ɗana."

"Na'am, Inna."

"Na tsufa a kasuwa. Ban taɓa ganin wanda ya fidda jikka ɗari tara ya tafi gida ya yi barci ba. In sun biya ni, a ina za su fanshe?"

Mushe Salisu ya gyara igiyar jaka. Ya dubi Inde. Ya dubi kaji.

"Faɗi, ba ni cizo."

"Takardun motar na mutum takwas ne, Inna. Da ke, tara. An yi lodi fiye da ƙa'ida ke nan. Ke za a biya ki, don ba ruwanki. Amma kamfani na iya juyowa kan mai mota ya ce ya maido."

"In ba shi da su?"

"Yana da mota."

"Motar da bai gama biyan Alhajin Ɗan Issa ba."

"Wannan ban sani ba."

"Ni na sani."

Inde ta ce, "To sai mi? Ƙarfe ne."

"Ƙarfen da jikokina huɗu ke ci a jikinsa."

"Ke kuma ƙafafunki itace ne?"

Mushe Salisu ya miƙe, gwiwa na ƙara.

"Ku yi shawara, amma kar ku daɗe. Ƙarshen wata ake rufe maganar motar nan. In an rufe, ni kaina ba ni iya buɗewa."

Ya kai bakin zaure, ya tsaya.

"Abu guda ya ɗaure mini kai. Wani fasinja ya gaya ma jandarma ya ga tsohuwa a bayan motar. Sunka bi sawu washegari, sunka tambaya. Anka ce musu kina gida tun safe, ba ki je ko'ina ba."

Kande ta ce, "Wa ya ce?"

"Ba a bakina za ki ji ba, Inna. Allah ƙara sauƙi."

Ya fita da sauri, kar a sake kama mishi jaka.

Inde ta riƙe haɓa.

"Jatau! Mai cire takalmi! Mai durƙuso! Ashe haka?"

Kande a ranta tana auna abin. Mutum ya ɗauke ka don kunya, ya musanta ka don mota. Ba ta ga abin mamaki ba. Ta ga waɗanda sunka yi fiye da haka a kan kwalin kifi guda.

Bayan la'asar sai ga Ladi.

Ta shigo da ciki a gaba, wata bakwai, da kwano a hannu. Ita ce ɗiyar fari, don haka Kande ba ta kiran sunanta, ba ta ma cika duban fuskarta ba. Ta durƙusa nesa kaɗan.

"Inna, ina wuni. Ƙaƙa ƙafar?"

"Tana nan inda kinka bar ta."

"Ga fura."

"Aje."

Ta aje. Ba ta tashi ba. Ta sa hannu cikin zane ta fiddo ƙullin tsumma, ta tura shi bisa tabarma har ya taɓa gwiwar uwar.

"Mine ne?"

"Kuɗɗinki ne, Inna. Na asirans. Sittin cif."

Inde ta miƙa wuya. Kande ko taɓawa ba ta yi ba.

"Tun sanyin bara ba su gane hanyar gidan nan ba. Yau wa ya nuna musu?"

"Dama muna ta niyya."

"Ina kunka samu? Mota na gareji."

"Na sai da akuyoyina."

"Har mai cikin?"

"Har ita."

"Nawa?"

"Inna…"

"An cuce ki, ko nawa ne. Mai sauri ba ya sai da akuya da daraja. Shi ya aiko ki?"

"Bai sani ba."

Kande ta yi abin da ba ta saba ba, ta juyo ta dubi ɗiyar a ido.

"An ga mutumin asirans ya shigo gidan nan."

Ladi ta sunkuyar da kai.

"Garin ba shi da girma, Inna."

"Shi ya sa kinka sai da akuya."

"Na ce ko a fara da su. A ƙara da na adashe. A gwada wani maɗorin, an ce akwai wani a Gabi…"

Inde ta ce, "Sittin cikin ɗari tara? Ke ko lakwal ɗin da anka sa ki ba a koya muku ƙirga?"

"Gwaggo, don Allah."

"Kar ki gwaggo ni. Je ki gaya ma mijinki mun ji abin da ya gaya ma jandarma. Wai tana gida tun safe! Shi da ya buɗe mata bayan mota da hannunsa!"

"Ba shi ba ne."

"Ba shi ba ne mi?"

"Ba shi ya faɗa ba."

Kaza ta zo ta leƙa kwanon fura. Ba wanda ya kore ta.

"Yana likita ana ɗinke mishi goshi sanda sunka zo. Ni sunka tarda a gida."

Inde ta buɗe baki, ta rufe. Abin da ba a taɓa gani ba.

Kande ta ce, "Ci gaba."

"Sunka ce an ce uwata na cikin motar. Wani direba ya riga ya gaya mini in an samu mutum na tara, mota ta tafi. Na ce musu kina gida."

"Sunka yarda?"

"Sunka ce in dangwala."

"Kinka dangwala."

"Na dangwala."

"Da wane yatsa?"

"Inna!"

"Tambaya na yi."

Ladi ta fashe da kuka, amma maganar na fita.

"Da safen ran nan na zo gidan nan kafin su iso! Na tarda ki kina daka! Na ce Inna ba ki ji ciwo ba? Kinka ce lafiyarki lau, in tafi in ga mijina. Ke kinka faɗa! Shi ma haka kinka gaya mishi a bakin hanya! To ni in ce musu mi? In ba da mota a kan mutumin da ke daka?"

"Gaskiyarki."

"Ban san zai zama haka ba, wallahi ban sani ba."

"Na ce gaskiyarki. Ran nan ba ki ci bashin kowa ba. Ni na ce lafiyata lau."

Ladi ta ɗago, tana share ido.

Kande ta ce, "Amma ran da anka dawo da ni daga Maraɗi da hoton ƙashi, kina nan. Ke kinka riƙe mini kai a amalanke. Kin ji abin da likita ya ce."

Ladi ta kau da ido.

"Tun ran nan kike kawo fura."

"Na rasa ta inda zan fara."

"Shi fa? Mi kinka gaya mishi ke damuna?"

"Na ce sanyi ne."

"Sanyi."

"Inna, ciwon ƙugu ne da baya. In zamna in yi ma miji bayanin ƙugun uwata?"

Inde ta samu bakinta.

"Ku dai gidan nan kunya za ta kai ku kabari ɗaya bayan ɗaya. Uwa ta gudu da karaya don zane, ɗiya ta ɓoye don ƙugu. Ni da anka haifa ba kunya ga ni da kuɗɗina a lalita."

Ladi ta matso da gwiwa.

"Inna, in kinka ce kina ciki, za su ɗauke motar. Alhaji zai zo biɗar sauran kuɗɗinsa. Ni kuma an ce wanda ya yi ma hukuma ƙarya rufe shi ake. Ga yara, ga wannan." Ta dafa ciki. "Ban ce kar ki faɗa ba. Wallahi ban ce ba."

"Ba ki ce ba. Akuya kinka sai da."

Kande ta sa bayan hannu ta tura ƙullin, ya koma gaban Ladi.

"Ɗauki."

"Naki ne."

"Nawa ne, shi ya sa ni ke da ikon cewa ba yau ba. Wanda na ba da aro don mota ta hau hanya daban. Wanga da kinka kawo, na rufe baki ne. Ban san shi ba."

Ladi ba ta ɗauka ba. Ƙullin ya zamna tsakaninsu.

Sai sallama daga bayan zana.

Muryar namiji, ƙasa-ƙasa. Duka ukun sun san ta. Kande ta ja zane ta rufe ƙafafu har yatsu, ta juya fuska ga bango. Jatau bai taɓa wuce zanan nan ba. Nan yake tsugunawa, ya yi gaisuwa, ya tafi.

"Gwaggo Inde, a gaida Inna."

Tsakaninsa da tabarmar bai fi a miƙa mishi ruwa ba, amma haka ake yi. Inde ta juyo.

"Wai yana gaishe ki."

"A ce ina amsawa."

"Wai tana amsawa."

"Gwaggo, a gaya ma Inna na haɗu da mutumin asirans a tasha."

"Wai ya haɗu da mai dogayen gwiwoyi."

"A gaya mata an ce mini sanyi ne. Yau na ji ba sanyi ba ne."

Inde ba ta maimaita wannan ba. Ta dai dubi Ladi.

"A gaya mata ni na tsaya. Ba ita ta tsai da ni ba. Ni na buɗe baya, ni na ce a gyara mata buhu. In da laifi a lodin nan, nawa ne."

Kande ta ce ma bango, "A ce ya tafi gida. Ba a yanke magana da yamma."

"Wai ka tafi gida."

"A gaya mata daga birgad nike."

Ladi ta miƙe zumbur, ta manta da cikin.

"Daga ina?"

Ya gane muryar matarsa.

"Ke ma kina nan? To madalla. Na je na ce mu tara ne. Na ce a gyara."

"Ka san abin da ka yi? Ka san za su ɗauke ta?"

"Na sani."

"Mu ci mi?"

"Kafin mota kabu-kabu nike yi, ba ku kwana da yunwa ba."

"Yara biyu ne lokacin!"

"Ladi, a gidan Inna muke. Rage murya."

"Ba ka tambaye ni ba! Ba ka san abin da…"

Ta tsaya.

"Abin da mi?"

Ladi ta kau da kai. Jatau ya ci gaba.

"Sun ce mini akwai wanda ya dangwala cewa ba ta ciki. Na ce ban san zancen ba. Na ce ko cikin yaran tasha ne wani ya yi don ya taimake ni."

Inde ta ce a hankali, "Yaron tasha mai ciki wata bakwai."

"Gwaggo, mi kinka ce?"

"Da kaza nike."

"Gwaggo, a gaya ma Inna ba ni kaɗai ba ne. Sun ce tunda ba ta iya zuwa, su za su zo. Ajudan na zaure."

Inde ta yi wuf ta kifa faifai bisa ƙullin kuɗɗin, ta zamna kusa da shi, kar hukuma ta shigo ta ga kamar ana cinikin wani abu.

Ajudan ɗin jandarma ya shigo da sallama, dattijo ne mai furfura a gefen kai. Ya cire hula, ya ƙi kujerar, ya tsuguna daidai kan Kande.

"Sannu tsohuwa. Ba zan wahal da ke ba. Magana biyu ke hannuna, kuma ba su jituwa. Mai mota ya ce kina ciki. Wata ta dangwala ta ce kina gida."

Daga bayan zana anka ji Jatau ya ce, "Wata?"

Ajudan bai kula shi ba.

"Ɗaya cikinsu ya yi mini ƙarya, kuma wanda ya yi zai amsa. Wannan nawa ne. Naki kalma guda ce. Ran da motar ta faɗi, kina ciki ko ba ki ciki?"

Inde ta ce, "Ranka ya daɗe, ni shaida ce, gyalena…"

"Zan zo kanki, Hajiya."

"Ban je ba tukuna, amma Allah ya amsa bakinka."

Kande ta juyo daga bango a hankali. Ta gwada motsa babban yatsan ƙafar hagu a ƙarƙashin zane. Jiya ya motsa. Yau ta aika, bai amsa ba.

Ta yi lissafin da take yi kullum kafin ta buɗe baki a kasuwa. In ta ce tana ciki, ta samu Yamai, mota ta tafi, ɗiyarta ta zama maƙaryaciya gaban hukuma da gaban miji. In ta ce tana gida, yaron da ke tsugune bayan zana shi ne maƙaryacin, ita kuma ta gama tafiya da ƙafarta. Ko ta ina, wani zai biya. Abin da ba ta yarda da shi ba, a ce ita za ta zaɓa musu.

"Ranka ya daɗe."

"Na'am."

"Ni tsohuwa ce, ciwo ya cinye mini kai. Abin da na ci jiya ma sai an tuna mini."

Inde ta zaro ido. Matar da ta san kuɗɗin kwali uku.

"Amma akwai wadda ta san inda nike ran nan. Ita ta gaya muku da farko."

Ta ɗaga hannu, ta nuna ba tare da ta duba ba.

"Ke. Gaya mishi ina nike."

Ladi na tsaye, hannu ɗaya a ciki, ɗaya dafe da bango. Ta dubi uwar. Ta dubi zana, inda inuwar mijinta ta miƙe tsaye.

Ajudan ya cire marfin biro.

"Madam, muna saurare."